Gujiya da Gyaɗa: Tarihin Sunan Tsiro Daga Tashar Jirgin Kano

Duk wanda ya san tashar jirgin ƙasa ta Kano a zamanin dalar gyaɗa, ya san inda arzikin ƙasar nan ya taɓa taruwa cikin buhu. Da kaka ta yi, daga Fagge har zuwa Sabon Gari ba abin da a ke gani sai jakuna da raƙuma da motoci suna sauke kaya a bakin sikeli, 'yan dako kuwa suna ɗora buhu bisa buhu har ya zama tsauni. Duk gyaɗa ce. Can gefe guda kuma, a bakin ƙofar tasha, ga 'yar talla da farantin dafaffiyar gujiya, tana sayar wa matafiya ta kwabo ko ta sisi. Ba wanda ya taɓa gina wa gujiya dala. Alhali kuwa cikin su biyun nan ita ce 'yar gida, gyaɗa baƙuwa ce da ta ƙetaro teku.

Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun sunayen da masanan tsire-tsire suka raɗa wa gujiya. Gyaɗa sau ɗaya aka yi mata suna, a 1753, yana nan kuma har yau. Gujiya kuwa sau uku aka raɗa mata, a ƙasashe uku, kuma sai da aka yi shekara 217 tsakanin na fari da na ƙarshe. Dalilin wannan bambanci yana da amfani ga malamin da ke koyar da aikin gona ko ilmin halitta da Hausa, haka kuma ga mai binciken ƙamus.

Jirgi da Baƙuwa

Hanyar jirgin da aka somo daga Baro, a bakin Kwara, ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, zamanin Sarkin Kano Abbas. Aka kuma haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko, tafiyar wajen mil 700. Turawan da suka nemi a gina ta auduga su ke so, don masaƙun Ingila. Amma masaƙan Kano suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai iya biya, ga shi kuma a daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun koyi daskarar da man tsiro ya zama kamar man shanu, sai kuɗin gyaɗa ya tashi. Fataken goro, waɗanda suka daɗe da sanin ƙauyuka da hanyar ba da bashi, suka juya ga gyaɗa. A 1913 abin da aka fitar daga Nijeriya ya haura tan 19,000, alhali shekarar da ta gabata bai kai tan 3,000 ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne ya fi shahara cikin waɗannan attajirai, da sunansa kuma a kan haɗa labarin dalar gyaɗa.

Me ya sa jirgi ya ɗauki gyaɗa ya bar gujiya? Amsar tana cikin ƙwayar. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Gujiya kuwa man da ke cikinta bai fi kashi 6 ko 7 cikin 100 ba, saura gari ne da abin gina jiki. Watau gujiya abincin ciki ce, gyaɗa kuwa kayan injin matsa. Sabo da haka aka bar gujiya a gefen gona, a jigawar da ba ta karɓar kome, galibi a hannun mata.

Asalin gyaɗa Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasashen da a yau a ke kira Bolibiya da Ajantina. Jiragen ruwan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma cikin ƙarni na 16, daga nan ta yi ta shigowa tudu. Gujiya kuwa ta riga ta nan da nisa. Ibn Battuta, da ya ratsa ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wata ƙwaya mai kama da wake wadda a ke tonowa daga ƙasa a soya. Tun da ya ke wannan ya faru shekara 140 kafin Turawa su isa Amurka, ba yadda za a yi ta zama gyaɗa. Masana sun ɗauka gujiya ya gani.

Ka'idar Suna Biyu

Kafin mu shiga labarin sunayen, ya kamata mu bayyana ka'idar da a ke binsu da ita. Wani masani mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, ya buga littafinsa Species Plantarum a 1753, ya ba ko wane tsiro suna mai kalma biyu da harshen Latin. Kalmar fari sunan dangi ce, ta biyu ta irin tsiron ce shi kansa, kamar yadda mu kan ambaci mutum da gidansu. Dangogi masu kusanci a kan tara su cikin ƙabila guda. Iri ɗaya kuma yana iya rabuwa rassa, kamar na gida da na daji. Daga baya masana suka yi ittifaƙi bisa sharuɗɗa biyu da za su shafe mu nan gaba. Na ɗaya, idan sunaye biyu suka haɗu kan abu guda, wanda ya riga fitowa shi ke da rinjaye. Na biyu, idan aka ɗauke tsiro daga wani dangi aka kai shi wani, kalmar fari ta kan sake, ta biyu kuwa ta kan bi shi duk inda ya tafi.

A cikin wancan littafi Linnaeus ya kira gyaɗa Arachis hypogaea. Kalmar ta biyu daga harshen Yunanawa ta ke, ma'anarta “ta ƙarƙashin ƙasa”. Ya sa ta a dangin da ya dace da ita tun da fari, shi ya sa ba a sami dalilin taɓa sunan ba.

Suna na Fari da na Biyu

Gujiya ba ta yi wannan sa'a ba, domin Turawa ba a gidanta suka fara saninta ba. Littafin farko na masanan Turai da a ka san ya ambace ta shi ne Historia Naturalis Brasiliae, na 1648, kan halittun ƙasar Barazil, inda Georg Marcgraf ya rubuta ta da sunan mandubi na Angola. Mandubi shi ne sunan gyaɗa a can. Watau mutanen Barazil sun ɗauke ta gyaɗar mutanen Afirka. Jiragen da suka kwashi bayi su ne suka kai ta, kamar yadda jiragen suka kawo mana gyaɗa. Tsirran biyu sun yi saɓani ke nan a tsakiyar teku.

A 1763, cikin bugu na biyu na littafinsa, Linnaeus ya raɗa mata Glycine subterranea. Kalmar ta biyu Latin ce, ita ma ma'anarta “ta ƙarƙashin ƙasa”. Dangin Glycine kuwa a wancan zamani ya zama kamar rumbun da a ke zuba ko wane wake mai yaɗo wanda aka rasa inda za a sa shi. A yau waken soya ne sananne a cikinsa, gujiya kuwa ba ta da kusanci da shi sosai.

Suna na biyu daga tsibirin Madagaska ya fito. Wani Bafaranshe, Aubert du Petit-Thouars, ya yi wajen shekara goma a tsibiran tekun Indiya zamanin juyin mulkin Faransa, yana tara tsire-tsire. Ya tarar mutanen Madagaska suna noma wannan ƙwaya suna kiranta voanjo. Ya duba ya ga ba ta dace da Glycine ba, sai ya kafa mata dangi nata ita kaɗai a 1806, ya lanƙwasa sunan mutanen tsibirin ya zama Voandzeia. A 1825 Augustin de Candolle na birnin Janeba ya tabbatar da cikakken sunan Voandzeia subterranea cikin babban littafinsa. Wannan suna ya zauna shekara 155. Shi ne ke cikin littattafan da malamanmu na kwalejojin horon malamai suka yi karatu da su, shi ne kuma Faransawa suka mayar voandzou, wanda ma'aikatan gona na Nijar ke amfani da shi.

Mai karatu ya lura: Barazil, Angola, Madagaska. Ingilishi kuma suka jingina ta ga Bambarawan Mali. Kowa ya kira ta da sunan wurin da ya gamu da ita, ba wanda ya san garin haihuwarta.

An Gano Gida

Hanyar da masana ke bi su san asalin abin shuka ita ce su nemi inda kakansa ke fitowa da kansa a daji, ba wanda ya shuka. Wanda ya samo wannan game da gujiya likita ne, ba ma'aikacin gona ba. John McEwen Dalziel mutumin Sikotilan ne, an haife shi a 1872, ya yi aikin likita a ƙasar Sin, kāna ya shiga aikin likitan gwamnati a Afirka ta Yamma a 1905. Duk inda aka tura shi a Nijeriya ta Arewa ya kan tsinki ganye da fure ya busar, ya tambayi manoma da mafarauta da masu magani sunansu da amfaninsu, ya aika da su lambun Kew da ke Landan. A cikin waɗannan shekaru ya tarar da gujiyar daji a arewacin lardin Yola. A daidai wannan zamani kuma Carl Ledermann, mai tara wa Jamusawa tsire-tsire a Kamaru, ya same ta kusa da Garwa. Hermann Harms na ma'ajiyar busassun tsire-tsire ta Berlin ya bayyana ta a 1912, ya ƙara mata laƙabin spontanea, watau mai fitowa don kanta. Shekarar da aka buɗe tashar Kano don baƙuwa, ita ce shekarar da aka rubuta asalin 'yar gida.

Aikin Dalziel bai tsaya nan ba. A 1916 ya buga A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsire-tsire na Hausa tare da na Latin. Bayan ya bar aiki ya zauna a Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa daga 1927 zuwa 1936, sa'an nan ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937. Ya rasu a 1948. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da sunansa a ke kiransa a Latin, Boswellia dalzielii. Amma ya kamata a tuna, ilmin da ke cikin waɗannan littattafai daga bakin mutanen ƙasa aka ɗebo shi, ko da ya ke ba a rubuta sunayensu ba.

Bayan shekaru, Nigel Hepper na Kew ya koma yankin a tafiyarsa ta 1957 zuwa 1958, ya sake tara gujiyar daji, ya buga bayaninsa a 1963. Ya mai da ita reshe na biyu na irin, aka sami reshen gida da reshen daji. Bambancinsu a fili ya ke. Ta daji tana yaɗo da nisa, gaɓoɓinta dogaye, kwasfarta siririya, ƙwayarta ƙanana. Ta gida kuwa ta kan dunƙule wuri guda, 'ya'yanta su taru a gindi, ƙwayar ta yi girma. Wannan aikin hannun manoma ne na shekaru aru-aru: suna ta zaɓen wadda za a tumɓuke a sami 'ya'yan a tare, har tsiron ya sake kama. A 1999 Rémy Pasquet da abokan aikinsa suka gwada sinadaran jikin rassan biyu, suka tabbatar ta daji ita ce uwar ta gida. Yankin da a ke samunta kuwa ya kama daga tsaunukan Jos zuwa Yola da arewacin Kamaru.

Suna na Uku

Saura tambaya guda: wa gujiya ta fi kusa da shi? Mai saye a kasuwa zai ce gyaɗa, tun da ya ke dukansu a ƙasa su ke 'ya'ya. Manomi kuwa in ya duba da kyau ya san ba haka ba ne. Ganyen gyaɗa 'yan kunnuwa huɗu gare shi, biyu na fuskantar biyu. Na gujiya uku ne, kamar na wake sak. Har hanyar shigarsu ƙasa ba ɗaya ba ce. A gyaɗa, bayan fure ya bushe, wani tsinke ne ke fitowa daga gindin mahaifar furen ya soki ƙasa. A gujiya kuwa sandar da ke ɗauke da furen ce ke tsawo, ta sunkuya ta kai ɗan cikin ƙasa. Da aka ƙirga zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halittarsu, aka sami 22 a gujiya, 22 a wake, 40 a gyaɗa. Dabara ɗaya ce tsirrai biyu suka faɗa a kanta, ko wanne a nahiyarsa, ba gado ba ne.

A 1978 Robert Maréchal da abokansa suka yi dogon nazari kan dangogin wake, suka nuna ba wani bambancin kirki tsakanin Voandzeia da Vigna, dangin da wakenmu, Vigna unguiculata, ke ciki. To, a nan sai sharaɗin rinjaye ya kawo matsala. Gaetano Savi na birnin Pisa ya kafa sunan Vigna a 1824, don tunawa da Domenico Vigna, wani tsohon malamin jami'ar garin. Voandzeia kuwa ta 1806 ce, ta girme ta da shekara 18. In za a bi ka'ida sosai, da an haɗa su sai wake da dukan 'yan'uwansa masu yawa su koma Voandzeia, a sake gyara littattafan duniya sabo da tsiro ɗaya. Bernard Verdcourt na Kew ya nemi a keɓe sunan Vigna a kiyaye shi, masana suka amince, a 1980 kuma ya buga sabon sunan da a ke amfani da shi yanzu:

Vigna subterranea (L.) Verdc.

Duk labarin yana cikin wannan layi guda. Vigna ta nuna 'yar'uwar wake ce. Subterranea ita ce kalmar 1763 da ta bi ta ko'ina. Harafin da ke cikin baka na Linnaeus ne, wanda ya fara raɗa suna, na ƙarshe kuma na wanda ya mai da ita danginta. Kamar salsala ce ga wanda ya iya karantawa.

Sunayen Kasuwa

Kada a zaci Turawa kaɗai suka ruɗe. Hausa ma ta yi nata. A Kano an ce gujiya ko gurjiya ga 'yar gida, gyaɗa ga baƙuwa. A Sakkwato da sassan Nijar kuwa, in mutum ya ce gujiya, gyaɗa ya ke nufi, 'yar gidan kuma sai ya kira ta kwaruru. Bisa ga alama, da baƙuwa ta zo sai aka ara mata sunan mai masauki, da ta yi ƙarfi sai ta riƙe. Ba a ƙasar Hausa kaɗai wannan ya faru ba. A Madagaska a yau voanjo gyaɗa ce, sai an ƙara an ce voanjobory, watau mai kewaye, kafin a gane gujiya a ke nufi. Yarabawa suna kiran gyaɗa epa, gujiya kuwa sai da ƙari, epa roro. A Suwahili ma sai an ce njugu mawe, ta dutse. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙuwa ta gaje gida har da suna. Inyamurai dai sun bar mata nata, okpa, wanda duk mai yawo a Sabon Gari da safe ya san shi a naɗe cikin ganye.

Kasuwa kuma ba ta bin hukuncin masana, a tudu ko a teku. Akwai wata jar ciyawar teku da a ke nomawa a gaɓar Filifin da Indonesiya, aka kai ta Zanzibar a 1989. Daga jikinta a ke fid da wani ƙaro mai kaurara abinci da man goge haƙori. An daɗe ana kiranta Eucheuma cottonii, sai Maxwell Doty na Jami'ar Hawai ya nuna wadda a ke nomawa wani iri ne dabam, ya raɗa mata alvarezii a 1985, daga baya kuma ta koma sabon dangi, Kappaphycus. Duk da haka dillalai ba su daina cewa cottonii ba. Sunan kasuwa don ciniki a ke yinsa, muddin mai saye da mai sayarwa sun fahimci juna ya wadatar. Sunan masana kuwa da'awa ce game da zumunta, dole ya sake in hujja ta sake.

Abin da Ya Shafi Malami

Daga wannan tarihi abubuwa uku sun fito. Na fari, wanda ya buɗe littafin Dalziel, ko wani littafin gona da aka buga kafin 1980, ya ga Voandzeia, kada ya zaci kuskure ne ko wani tsiro dabam. Daidai ne a zamaninsa. Abin da ya kamata shi ne a koya wa ɗalibi sunayen duka uku da shekarunsu, don ya iya bin tsiron daga tsohon littafi zuwa sabo.

Na biyu, mai tara kalmomi ko rahoton amfanin gona, in ya rubuta gujiya, lalle ya faɗi garin da ya ji kalmar, ya kuma ga tsiron da idonsa. In ba haka ba, sai a lissafa gyaɗar Maraɗi cikin kwarurun Kano, a yi shekaru ana kwafar kuskuren.

Na uku ya fi nauyi. Farin shekarun 1972 zuwa 1974, da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, tare da komawar hankalin hukuma kan man fetur, sun kawo ƙarshen dalar Kano. Gujiya kuwa, wadda ke jure fari da ƙasa maras ƙarfi, tana kuma ƙara wa gona taki kamar wake, ba ta fasa ba da abinci ba. Tun da ya ke an tabbatar ƙasarmu da makwabciyarta ne gidanta na asali, a nan ne a ke sa ran samun ire-irenta mafi yawa: fara, da ja, da baƙa, da mai zane, da mai ido. Ko wace tana da sunanta a bakin matan da ke adana irinta. Dalziel ya soma rubuta irin waɗannan sunaye fiye da shekara 100 da suka wuce, a tsakanin aikinsa na asibiti. Ɗaliban kwaleji guda, in ko wanne ya komo daga hutu da 'yar ƙullin iri, da sunanta, da sunan ƙauyen da ya samo ta, za su iya ƙara abin da ba ya cikin littafinsa.